Mun Aro Ɗakin Taɓo, Mun Kori Zaure

Duk magini ko kafinta da ke aiki a sababbin unguwannin Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya san yayin da ake ciki. Mai gida ya daina zuwa da zane a takarda. Salula yake zarowa daga aljihu, ya buɗe hoton da ya gani a Facebook ko Pinterest, ya ce: "Malam, irin wannan nake so a mashigar gidana." A hoton za ka ga ɗan ɗaki tsaf, ƙasansa shimfiɗe da katako mai sheƙi, bangonsa lulluɓe da falankai an shafe su da farin fenti, ga benci, ga ƙugiyoyin rataye riguna, ga ramukan ajiye takalma. Abin da kyau, ba na musu. Amma ni a ganina, wannan ɗaki magani ne na ciwon da ba mu da shi. Abin da ya fi damuna kuma, daidai wurin da ake son dasa shi, nan ne zaure yake tsaye kafin mu kore shi.

Bari mu fara da asalin abin. Mutanen arewacin Amurka da Kanada suna da wani ɗaki da in aka fassara sunansa zai zama "ɗakin taɓo". A jihohi irin su Vermont da Maine, dusar ƙanƙara na rufe ƙasa tsawon watanni. Idan ta fara narkewa wajen Maris da Afrilu, hanyoyin karkara sai su koma caɓi, har lokacin yana da sunansa na kansa a wurinsu, kamar yadda muke da bazara da damina. Mutum zai dawo gida da manyan takalma jiƙe, ɗauke da laka da gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara, da rigar sanyi mai nauyi, da hula, da safar hannu. Dole a sami inda zai zauna ya tuɓe wannan kaya kafin ya taka cikin gida. Ɗakin kuma yana tare iskar sanyi, don kada ta afka ciki duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Su ma falankan bango suna da dalilinsu. A Ingila, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, gidajen dutse sanyi da danshi suke yi, shi ya sa masu hali suka riƙa lulluɓe bangon da katako don ɗaki ya riƙe ɗumi. 

Ka ga kenan kowane yanki na wannan hoto yana da aikin da yake yi a can. To mu fa? Mu ba ɗumi muke nema mu tsare ba, korar shi muke yi. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai da Tawa yana haura digiri 40 kusan kullum. Abin da ke biyo mu cikin gida shi ne rairayi, da ƙurar hunturu, da ruwan damina mai zuwa lokaci guda kamar da bakin ƙwarya. Kuma ko a can Amurka, maginan da suka san aikinsu sukan ba mai gida shawara ya sa tayil ko dutse a ƙasan ɗakin taɓo, saboda katako da ruwa ba sa ga maciji. Wanda ya ɗauki hoton kyau yake nema ya nuna. Ba zai dawo bayan shekara uku ya nuna maka yadda daɓen ya koma ba.

Katako abu ne mai numfashi. In iska ta yi laima ya sha ya kumbura, in ta bushe ya saki ya tsuke. Kowa ya san ƙofar katako da take ƙin rufuwa a watan Agusta, amma da hunturu har haske kake hangowa ta gefenta. Masu sana'ar daɓen katako a Amurka suna cewa a riƙe laimar ɗaki tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari duk shekara. A ƙasarmu, laimar iska tana sauka ƙasa da kashi 20 a watan Fabrairu da Maris, sannan ta haura kashi 70 a tsakiyar damina. Daɓen da aka shimfiɗa da rani zai tashi ya yi doro da damina. Wanda aka shimfiɗa da damina zai buɗe baki da rani, rairayi ya cika tsagar. Shi kuwa rairayin da ke ƙarƙashin takalmi, aikin da yake yi wa fentin katako daidai yake da na takardar gugar kafinta. A gidan da yara goma ke shige da fice, almajirai na sallama, ana shigo da babur da yamma, ana ɗiban ruwa ana zubarwa, wata nawa sheƙin zai yi?

Sai kuma babbar maƙiyiya, wato gara. Gara ba ta son haske, ta fi son inda za ta yi aikinta ba wanda ya gani. Idan ka kafa falankai a jikin bango, ka bar ɗan sarari a bayansu, to ka gina mata hanya da rufi. Ranar da za ka ankara, sai ka danna yatsa ya nutse, fenti kaɗai ya rage a tsaye. Kyankyaso da ɓera da tsaka su ma sun sami masauki. Kakanninmu sun san da haka, shi ya sa itacen da suka yarda ya shiga jikin gini shi ne azara ta giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba.

Na san za a ce mini ai yawancin abin da ake sayarwa a kasuwa yanzu ba katako ba ne na gaskiya. Haka ne, kuma nan ne maganar ta fi muni. Wanda ake shimfiɗawa a ƙasa, garin itace ne aka matse da danƙo, aka manna masa takarda mai hoton katako a sama. In ruwa ya shiga ta bakinsa ya kumbura, ba ya komawa, ba a kankare shi, ba a gyara shi, sai dai a ɓamɓare a zubar. Wanda ake mannawa a bango kuwa, galibi roba ce. Zafi na lanƙwasa ta, rana na sa ta yi rauni ta dinga karyewa. Idan kuma gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, hayaƙin irin wannan roba guba ne mai shaƙe numfashi. A ina muka zaɓi mu jera ta? A mashiga, hanya ɗaya tilo da iyali za su bi su tsira. Wannan kaɗai ya isa mai gida ya sake tunani.

Ga kuma maganar aljihu. Ba mu da dajin da ake yanka falankai, daga ƙasashen kudu ake kawo mana su. Na roba da na garin itace kuwa sai sun hau jirgin ruwa. Daga tashar Kwatano zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma tun da aka rufe iyakar Gaya a 2023 kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin mota ya ƙaru, mai saye ne ke biya. Wato mu ɗauki sefar da muka tara da gumi mu aika waje, a kawo mana abin da ba zai kai yaye ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Yanzu mu waiwayi abin da muka bari. Zaure shi ne ɗakin farko na gidan Bahaushe, kuma duk wanda ya ƙirƙiro shi ya san mutane. Ƙofarsa ta waje da ta ciki ba sa kallon juna, don haka mai wucewa a titi ba ya hango tsakar gida ko da ƙofa a buɗe take. Baƙo namiji a nan yake tsayawa ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa, ya gama abin da ya kawo shi ya tafi, matan gida suna harkarsu ba wanda ya takura musu. Addini ya umarce mu a Suratun Nur da neman izini kafin shiga gidan wani. Zaure ya ɗauki wannan umarni ya mayar da shi gini. A gidan mai hali, bayan zaure akwai shigifa, inda na kusa kaɗai ke isa. Kowa ya san iyakarsa ba tare da an gaya masa baƙar magana ba.

A zaure ake karatun allo da asuba da dare. A nan tela ke kafa kekensa, baduku ya baje fatunsa. A nan maƙwabta ke haɗa akushi su ci tuwon dare tare, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya ci ya ƙoshi, asirinsa a rufe. A nan ake raba goron ɗaurin aure da na suna, a nan ake zaman makoki, a nan dattawa ke sasanta rigimar gado da ta iyakar gona kafin ta kai gaban alƙali. Matafiyin da dare ya yi wa, zaure ne masaukinsa. Matar da ke sana'ar ƙosai ko fura daga cikin gida, ta zaure cinikinta ke fita. Ɗakin taɓo na Amurka an yi shi ne domin takalma da riguna. Namu an yi shi domin mutane.

Gininsa ma darasi ne. Bangon tubali mai kauri yana shanye zafin rana, ba ya sakin shi ciki sai dare ya yi, lokacin da mutane sun fito waje shan iska. Rufinsa na da tsawo, iska mai zafi ta hau sama ta bar mazauna. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi in ɗaki ya yi faɗi, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo, suka ɗora tulluwa a kai. Ƙasan kuwa daɓe ne, mata su taru da maɗabai suna bugu suna yayyafa ruwan makuba har ya yi tauri. Wanda bai taɓa gani ba, ya je unguwar Birni a Damagaram ya zagaya, ya dubi zanen da ke fuskar zaurukan tsofaffin attajirai, ya leƙa fadar Sarkin Damagaram. Ya je Agadas, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013. Turawan da muke kwaikwayon hotunansu, jirgi suke biya su zo su ɗauki hoton namu.

Ba zan ɗora laifin mutuwar zaure a kan son yayi kaɗai ba, don akwai dalilai na gaske. Fegi ya yi tsada kuma ya ƙanƙance. Mai ƙaramin ƙarfi ya gwammace ya fitar da shago a gaban gida ya sa haya. Mai mota yana son gareji. Gidajen haya da ake jerawa ɗaki da falo ba su da mai gida ɗaya da zai zauna a zaure. Tsaro ya sa mutane ɗaga katanga da sa ƙofar ƙarfe. Duk na yarda. Amma mu yi lissafi. A fegi mai murabba'in mita 300, zaure mai mita 3 a 4 zai ci murabba'in mita 12, wato kashi 4 cikin ɗari. Garejin mota ɗaya, mita 3 a 6, yana cin 18. Mun sama wa mota ɗaki, mun rasa inda za mu sa baƙo.

Sakamakon kuwa muna ganinsa. Baƙo ya zo, ko dai a bar shi tsaye a rana a bakin ƙofar ƙarfe yana buga waya, ko a ratsa da shi tsakar gida zuwa falo, mata na rige-rigen neman mayafi, mai wanki ta bar wankinta, mai daka ta ajiye taɓarya. Mai gyaran famfo, mai karɓar kuɗin wuta, abokin ɗanka da ba ka san ɗan wane ne ba, duk sai sun ga cikin gidanka. In rasuwa ta faru ko biki, sai a kafa rumfa a toshe titi. Samari kuwa sun kwashe butar shayinsu sun koma fada a bakin hanya. Ba na cewa rashin zaure ne ya haifi fada, amma a da saurayi na hira ne inda kunnen babba ke jiyo shi, yanzu kuwa ba mai ji.

Akwai masu cewa zaure kayan kulle ne, an yi shi don maza su sha iska mata na ciki. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya a wasu gidaje. Sai dai a tambayi matan da ke zaune a gidajen da ƙofar titi ke buɗewa kai tsaye cikin tsakar gida, a ji wa ya fi shan wahalar rashinsa. Su ne ba sa iya zama da ɗaurin ƙirji a cikin gidansu da zafin bazara. Su ne kuma ke share rairayin da kowa ya kwaso har ƙofar ɗaki. Kuma ba abin da ya hana uwar gida ta karɓi nata baƙin a zauren, ko ta kafa teburin sana'arta a ciki.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa ita ce ta ruwa. Daminar 2024 ba za a manta da ita ba. Ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar nan, gidajen ƙasa masu ɗimbin yawa sun zube, Maraɗi na cikin inda abin ya fi tsanani, kuma a farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe mutane na kallo. Duk wanda ya ga haka ya ce shi da ginin ƙasa har abada, ba zan zarge shi ba. Azara ma ta yi wuya, don giginyar yankin Gaya sai ta shekara gommai kafin ta isa sara, kuma ba ta isar kowa.

Amsata biyu ce. Ta farko, zaure tsari ne, ana iya yin shi da bulo da simintin Malbaza kamar yadda ake yin shi da tubali. Ta biyu, ginin ƙasa bai tsaya inda kakanni suka bar shi ba. A ƙauyen Yama na jahar Tawa, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, kuma a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta duniya. Tun shekarun 1980 ake koyar da magina a ƙasar nan gini ba itace, inda ake rufe ɗaki da tubali kaɗai, ba azara ba kwano. Ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou Kamara, tare da abokan aikinta, ta gina gidajen Niamey 2000 da bulon jar ƙasa da inji ke matsewa, an gama su a 2016. A Dandaji kuma, a 2018, ita da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da irin wannan bulo, suka mayar da tsohon ɗakin karatu. Abin da ginin ƙasa ke buƙata shi ne harsashi mai tsawo na dutse ko siminti, indararo mai kai ruwa nesa da bango, yaɓe a kan kari, da kuma kada a gina shi a kan hanyar ruwa. Maraɗi ta san wannan darasi tun 1945, lokacin da ambaliyar Gulbi ta tilasta wa gari tashi daga fadama ya hau tudu.

To me za mu ɗauka daga hoton salula? Abu ɗaya, kuma mai amfani: tsari. Mutanen nan sun zauna sun yi tunanin abin da mai shigowa ke ɗauke da shi, suka ba kowane abu mazauni. Tsohon zaurenmu bai damu da wannan ba sosai, shi ya sa takalma ke warwatse a bakin ƙofa kamar kasuwar gwanjo. Wannan tunani shi ya kamata mu aro, mu bar musu katakonsu.

Da ni ake shawara, ga zauren da zan ce a gina. A ɗaga dokin ƙofa sama da titi sosai, don ruwan unguwa ya wuce bai leƙo ba. Ƙasan zauren kuma ya yi ƙasa da na cikin gida da taki ɗaya, kamar yadda mutanen Japan ke yi a mashigarsu, don rairayi ya tsaya nan. A sa tayil marar santsi, wanda mu nan muke ce wa karo, mai launin ƙasa da ba ya tona asirin ƙura, ko daɓen siminti, a karkata shi kaɗan zuwa waje yadda bokiti ɗaya zai wanke shi. Ƙofofi biyu kada su kalli juna. Maimakon bencin katako, a gina dakali a jikin bango, a bar ramukan takalma a ƙarƙashinsa a buɗe, ba murfi, don kowa ya san kunama na son takalmin da ke cikin duhu. A fitar da alkuki biyu ko uku a bango na ajiye makulli, fitila da allo. A ware kusurwa ta randa da buta, da ƴar magudana, baƙo ya sha ya yi alwala bai shiga ciki ba. Tagogi ƙanana biyu can sama suna fuskantar juna, rufi mai tsawo, fanka ɗaya, da wurin cajin waya. In da hali a bar gefen da babur zai kwana.

Mai son ado kuma, ga bango nan fili guda. A kira masu zanen gini irin na Damagaram su fitar masa da dagi da sauran zane, kuɗin ya shiga aljihun ɗan gida, sana'ar ta sami magada. Mai son katako ya sa shi inda ido ke ganinsa, hannu ke iya ɗaga shi: ƙyauren ƙofa, kujera, maratayin riguna. In gara ta taɓa, a gani da wuri. A ƙasa kuwa tabarmar kaba ta isa, in ta tsufa a sake wata da kuɗi kaɗan.

Kira na ga masu zanen gidaje da injiniyoyinmu: idan mai gida ya miƙo salula, kada ku ce to kawai don kada ciniki ya kuɓuce. Ku gaya masa abin da daɓen zai zama bayan damina biyu, ku zana masa zaure ya gani. Magina da kafintoci, ku ma amana ce a wuyanku, kun fi kowa sanin abin da gara ke yi. Ma'aikatun magajin gari da ke yanka fegi suna ba da izinin gini, da kamfanonin da ke gina rukunin gidaje na ma'aikata, su sa zaure cikin samfurin da suke nuna wa jama'a, don abin da ido ya saba gani shi zuciya ke so. Mai gida kuma, kafin ka sayi falanki ko ɗaya, ka zauna da uwar gida ka tambaye ta yadda take son baƙo ya shigo mata, tunda ita ce za ta wuni a gidan.

Kuɗinka ne, gidanka ne, ba mai hana ka shimfiɗa abin da ka ga dama. Amma gida ana gina shi ne don a shekara hamsin a ciki, ƴaƴa su gada. Ka tambayi kanka inda maƙwabcinka zai zauna ranar da ya zo yi maka barka ko gaisuwar rashi, da inda almajiri zai raɓe in hadari ya taso. Allah ya ba kowa ikon gina nasa, ya sa mu gina abin da zai amfane mu.